Gangaren Layi da Baba Magatakarda

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ita kuwa ba ta ma san ta yi ba. Ina zaune a ƙofar ɗakina, a gidan babanta nan Inkil, gefen garin Bauchi, sai na jiyo wata murya daga cikin wayarta tana bayanin layin da ke hawa da layin da ke sauka. Nan da nan na kasa kunne. Wannan ai gonata ce, na ƙarar da ƙuruciyata ina nomanta. Na gyara zama, na ce ta kawo littafin in nuna mata. Ko ɗago kai ba ta yi sosai ba ta ce, "Kaka, bar shi kawai, na gane. Mutumin nan ya iya bayani." Ta mayar da abin sauraronta kunne ta shige ciki. Ban ji haushinta ba, yarinya ce mai ladabi, kuma na san gaskiya ta faɗa. Amma na daɗe a wurin yatsuna suna ƙaiƙayin alli, ga shi babu allo, babu mai tambaya.

Inkil ɗin da na sani gonakin dawa ce da gyaɗa, kana tsaye a nan kana hango mai noma a can, ka ɗaga masa hannu ya ɗaga maka. Yanzu katanga ke bin katanga, kowa ya ja ƙyauren ƙarfe ya rufe. Ɗana da matarsa su fita aiki da safe, yara su tafi makaranta, matata kuwa ta riga ni tafiya inda kowa zai je. Sai a bar ni da rugugin janaretan maƙwabta, da inuwar da nake bi da kujerata daga wannan bango zuwa wancan. Ba na kuka da kowa, ana ba ni abinci, ana saya mini magani. Sai dai kaɗaici ba baƙona ba ne, tun daga nesa na gane shi da ya dawo. A garin nan na fara haɗuwa da shi ina saurayi, kuma a wancan karon akwai wanda ya raba ni da shi na ɗan lokaci.

Na zo Bauchi ko gemu ban tara ba, a shekarun da garin ya zama hedkwatar jiha, ofisoshi na ta buɗewa, baƙi na ta shigowa. Daga kudu na fito, wani ƙauye cikin duwatsu inda ba Hausa muke yi a gida ba, kuma mu Kirista ne. Aka ba ni koyar da lissafi a wata makaranta da safe, da yamma kuma in koyar da ajin manya. Na kama ɗakin haya a bakin tsohon gari, ɗaki ɗaya mai 'yar taga. Kayana ba su wuce tabarma da katifar rimi da risho da akwatin ƙarfe ba. Da asuba kiran salla ke tashe ni, ba da lasifika ba kamar yanzu, muryar mutum ce zalla, wannan ladan ya ɗauka wancan ya karɓa har ta zagaye gari. Sai ƙarar guga a rijiya, sai luguden taɓarya daga gidajen da ban taɓa ganin cikinsu ba, sai ƙararrawar kekuna ma'aikata sun nufi ofis. Can wani lokaci jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha. Duk sautin nan na mutane ne masu junansu, ni ta bayan bango nake jinsa.

Na koyi wanke farar rigata da yamma, in goge ta da safe da dutsen guga na gawayi, ina hura garwashi ina kaffa-kaffa kada toka ta sauka a wuyanta. Na dafa shinkafa da wake har na tsane su. Ran Lahadi in je coci in ji yarenmu a bakin mutane, raina ya yi sanyi, amma da an tashi kowa ya kama hannun 'ya'yansa ya yi gida, ni in dawo in tarar da rishona yana jirana. Maƙwabta ba su taɓa wulaƙanta ni ba. Suna amsa gaisuwata da fara'a, su tambayi aiki, su tambayi gajiya, daga nan zance ya ƙare. Sai in yi kwanaki ban yi doguwar magana da kowa ba in ba a gaban allo ba.

Ajin yamma na magidanta ne: masinjoji, ƙananan akawu, masu kula da sito. A wuraren aikinsu aka ce duk mai son ya ci gaba da riƙe kujerarsa sai ya ci wata jarrabawa, lissafi na ciki. Bayan la'asar za ka ga sun jingine kekunansu a gindin dogon yaro, sun shigo da ƙamshin turare da goro a baki, sun cusa kansu cikin bencin yara gwiwoyinsu na dukan tebur. Allonmu siminti ne a jikin bango. In ya koɗe sai mu fasa tsohon batir mu kwaɓa baƙin garin da ke ciki mu shafe shi. Ba mu da allon da aka zana wa gidaje don aikin layi, sai in goga wa zare alli, mutum biyu su riƙe bakinsa su ja, ni in ɗaga tsakiyar in sake ta daki allo, ta bar farin layi miƙaƙƙe. Haka za mu yi ta yi, a tsaye da a kwance, har allon ya zama gida-gida kamar wurin dara. Manyan mutane masu 'ya'ya da jikoki, amma sai ka ga suna rige-rigen wanda zai riƙe zare.

Mafi tsufa a cikinsu magatakarda ne a wata kotun alƙali, a shekaru ya haife ni ba ko tantama. Dogo ne siriri, da ɗan farin gemu, yatsunsa na dama sun rine da tawada. Larabci da ajami su ne rubutunsa tun yana yaro. Boko da girmansa ya koya, da naci, har ya ci sauran darussan jarrabawar. Lissafi kaɗai ya rage masa, kuma wannan ne zama na ƙarshe da aka ba shi. In bai ci ba zai ajiye alƙalami ya koma gonarsa a Zungur. Ranar da na fara shiga ajin sai ya miƙe tsaye ya ce, "Allah gafarta malam." Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina.

Na ce, "Baba, don Allah ka zauna, ni ai ɗanka ne."

Ya ce, "A waje kai ɗana ne. A nan kuwa wanda ya riƙe alli shi ne malam, ko da jiya aka yaye shi."

Aji ya bushe da dariya. Daga ranar ya laƙa mini Malam Ƙarami, kowa ya ɗauka.

Wata rana mun tashi, ina kaɗe alli daga hannuna, sai ya tsaya ya ƙare mini kallo ya ce, "Malam Ƙarami, wa ke dafa maka?" Na ce ni nake dafawa. Ya ce, "Shi ya sa wuyanka ke ƙara tsawo. Biyo ni." Ya tura kekensa ina biye, muka ratsa lungunan da ban taɓa shiga ba har zaurensa. Ya shimfiɗa mini tabarma ya shiga masallacin ƙofar gida ya yi magariba, ya dawo aka fito da tuwon dawa da miyar kuka, muka sa hannu a kwano guda. Ina cikin ci na ce, "Baba, miyan nan ya yi daɗi." Ya tsaya da loma a hannu ya ce, "Ta yi daɗi. Ka sha ta, sannan ka mai da ita namiji? Wannan wace irin sakayya ce?" Haka ya riƙa gyara mini Hausa yana tsokanata, ni kuma in rama a aji. Kusan kullum daga ranar, in mun tashi sai ya ɗaga mini gira, in bi bayan kekensa. Bai taɓa yi mini zancen addinina ba, sai dai ran Asabar ya ce in koma da wuri tunda gobe ranarmu ce. Ya tambaye ni yadda muke noman acca a kan dutse, ya tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Shi ne mutum na farko a garin nan da ya tambayi lafiyar mahaifiyata kuma ya tsaya ya ji amsa.

Don haka cin jarrabawar Baba ya dame ni fiye da na kowa a ajin, kuma ba don shi kaɗai ba. In ya faɗi zai kwashe iyalinsa ya koma Zungur, a ja ƙofar zauren nan. Zungur ba wani nisa gare ta ba, amma ga mai aiki safe da yamma, wanda ko keke ba shi da shi, ba wurin zuwa cin tuwon yamma ba ne. Wuri ɗaya ne a duk faɗin Bauchi da ake sa ran zuwana, kuma ina tsoron rasa shi.

Muka yi ta tafiya lafiya har muka zo kan gangaren layi. Littafi yana da sunansa na Turanci, ni dai gangare nake ce musu. Abin ba shi da wuya. Ka ɗauki wuri biyu a kan layin, ka ƙirga gida nawa ya tashi, ka ƙirga gida nawa ya tafi a kwance, ka raba tashin da tafiyar. In layin hawa yake sai ka bar amsarka haka nan. In sauka yake sai ka sa mata alamar ɗebewa a gaba, 'yar sandar nan da ɗalibai ke ce wa mainos. Na ba su misali da hanyar da keke ke gudu da kansa da wadda sai ka sauka ka tura. Na nuna musu dutsen da ake hangowa ta tagar aji. Suka gyaɗa kai, suka kama aiki.

Baba ya ƙirga gidajensa daidai, ya raba daidai, adadinsa ba ya kuskure. Amma inda ba a son alama sai ya sa, inda ake so sai ya bari. Ba wani lokaci ba, kullum. Mai canki-canka ma yakan dace wata rana, Baba bai taɓa dacewa ba. Na ɗauka alamar ce bai gane ba, na koma baya na sake bayaninta tun daga tushe, ya saurara da haƙuri, na gwada shi da wasu tambayoyi ya amsa tsaf. Muka dawo kan layi, ya sake juya ta. Na canza misali, na canza alli, na ɗaga murya, na sassauta murya, abu ya ƙi. Kaina ya ɗau zafi, ga jarrabawa na matsowa.

Ran nan na zana layi a allo, ya tashi daga ƙasa ya nufi sama, wanda ko makaho aka ɗora wa hannu zai ce hawa yake. Na kira shi gaban aji, a zatona in ya tsaya kusa zai gani.

"Baba, wannan hawa yake ko sauka?"

"Sauka yake, Allah gafarta malam."

"Duba da kyau, Baba."

Ya matsa har gemunsa ya kusa taɓa allon. "Na duba. Sauka yake."

Wani masinja a baya ya ce, "Baba, tabarau ya kamata ka nema." Wasu suka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda aka saba yi a ajin. Na ce, "Hawa yake, Baba." Ya daɗe a tsaye yana kallon layin, sannan ya koma ya zauna. Da muka tashi bai ɗaga mini gira ba. Ina jin ƙarar sarƙar kekensa har ta ɓace.

Washegari bai zo ba, jibi ma haka, mako ya shuɗe bencinsa babu kowa. Ni kuwa ban taɓa zuwa zaurensa ni kaɗai ba, kullum shi ke gaba ina biye, sai na ga kamar in na je ba gayyata na zama maroƙin tuwo. Na koma wa shinkafa da wakena. In magariba ta yi in zauna a bakin ƙofa ina jin ana kiran yara su shigo cin abinci, kowane gida da sunayen da ake kira. Ban taɓa jin nisan gida irin na kwanakin nan ba. Kafin in san Baba kaɗaicin zaune yake lafiya, na saba da shi. Bayan na san shi sai ya zama ciwo.

Ran Asabar na yi ta maza na tafi. Na same shi a zaure bayan la'asar yana fiƙe alƙalami da 'yar wuƙa. Ya amsa sallamata, ya matsa mini a tabarma, muka gaisa kamar ba abin da ya faru.

Na ce, "Baba, ba ma ganinka a aji."

Ya ce, "Ba za ku ƙara ganina ba, ɗana. Na aika a gyara mini ɗakunan Zungur."

"Saboda layi guda, Baba?"

Ya ajiye wuƙar. "Ba layi ba ne. Tun ina yaro da idon nan nake cin abinci. Alƙali ya faɗi magana in rubuta, mai ƙara ya faɗi tasa in rubuta, ba a taɓa dawo mini da takarda an ce na juya zance ba. Yau ga abu a gabana ƙuru-ƙuru ina ganin yana sauka, aji guda na cewa hawa yake. Ko dai kun haɗa baki, ko kaina ya fara taɓuwa. Na kuwa san ba ku haɗa baki ba. Wanda idonsa ya fara yi masa ƙarya bai kamata ya ci gaba da rubuta shari'ar mutane ba."

Ni ina ta fama da alamar ɗebewa, ashe shi tsoron hauka yake kwana da shi. Ba ni da wani sabon bayani, na ƙarar da duk wanda na iya. Don dai kada in tashi hannu rabbana, sai na share rairayin da aka baza a daɓen zauren, na ja layi da yatsa, mai hawa, irin na allo. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Na ce, "To Baba, kada ka faɗa mini amsa. Bi shi da yatsa in ga yadda kake ganinsa."

Ya miƙa yatsan nan mai tawada. Bai kai shi inda na fara ba. Ya ɗora shi can ƙarshen dama, a sama, ya jawo shi ƙasa zuwa hagu. Ya ce, "Ka gani? Sauka."

Na ja wani layin, mai sauka. Ya sake ɗora yatsa a dama, ya tura shi sama zuwa hagu, ya ce wannan hawa yake. Duk makonnin nan amsarsa nake dubawa, ban taɓa duban hannunsa ba. In boko yake karantawa haruffa ne ke tilasta masa ya fara ta hagu. Layi kuwa ba shi da harafi, ba abin da ke ce masa ga kai ga ƙafa, sai idonsa ya koma inda ya saba tun yana riƙe da allo, ya shiga ta dama.

Na ce, "Baba, idonka ƙalau yake. Gaskiyarka, sauka yake."

Ya kalle ni a kaikaice. "Yanzu kuma lallashina za ka yi kamar yaro?"

"A'a, Baba. Daga inda ka shigo, sauka yake. Kai ta dama kake shigowa, yadda kake fara rubutunka. Masu littafin nan ta hagu suke shiga. Sa yatsanka a nan."

Ya sa a ƙarshen hagu na layin farko, ya bi shi a hankali, yatsan na hawa. Ya tsaya. Ya koma dama ya gangaro, ya koma hagu ya haura, ya yi ta yi har layin ya zama kwari a cikin rairayi. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba, har tari ya sarƙe shi, har aka ɗaga murya daga cikin gida ana tambaya ko lafiya. Ya share ido da hannun riga, kuma ba duk hawayen ne na dariya ba.

Ya ce, "To me ya hana ka faɗa tun farko cewa ta hagu ake shiga?"

Na ce, "Ban san abin faɗa ba ne, Baba. Haka na tashi na gani."

Gaskiya ce kuwa. Da boko na buɗe ido, ban taɓa tunanin layi yana da wata ƙofa ba. Baba ya girgiza kai ya ce, "Amma Turawan nan da ƙarfin hali suke. Abinci da dama, gaisuwa da dama, sa takalmi da dama, shiga masallaci da dama. Su kuwa ko layi sai ta hagu?" Muka ci gaba da gwadawa, amma da ya saki jiki sai hannun ya zarce dama da kansa. Na ce ya kamata mu nemi abin da zai riƙa tuna masa ranar jarrabawa, tunda ba na nan. Ya shafa gemu, can ya ce, "Wuri guda na sani da ake shiga da ƙafar hagu." Na ce ina? Ya ce, "Ban ɗaki. Daga yau lissafinka ban ɗaki ne, Malam Ƙarami. In na zo bakinsa sai in gabatar da hagu." A ranar na ci tuwo har na ji kunya.

Da ya dawo aji shi da kansa ya ba da labari, bai rage komai ba. Sai ga wasu suna sosa ƙeya suna cewa su ma wani lokaci haka suke gani, sai dai su bi abin da malam ya ce su yi shiru. Daga nan duk sanda na ja layi a allo sai wani ya ce, "Ƙafar hagu, jama'a!" Na riƙe wannan har ƙarshen aikina. Duk sabon ajin da na shiga, kafin in yi maganar ƙirga gidaje sai na fito da su ɗaya bayan ɗaya su bi layi da yatsa, ni in tsaya gefe ina kallon inda hannu zai fara sauka. Yanzu an ce bayani ya yi arha, yana cikin aljihun kowane yaro, kuma na yarda ya fi nawa tsari. Abin da nake tambayar kaina shi ne wa ke kallon yatsan.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a ƙuruciyata. Damina ta sauka, muna zaune a zaure ruwa na zuba daga indararo, Baba na jan layuka a rairayi yana cewa hagu, hagu, kamar mai horar da soja. Maƙwabtansa suka saba da ni, har mai sayar da goro ya fara tambaya in bai gan ni ba. Aka yi jarrabawa, aka yi jira, sakamako ya fito. Baba ya ci. Ya shigo aji da farar babbar riga yana raba goro, ya miƙo mini nawa da hannu biyu a gaban kowa. Na koma ɗakina ina waƙa da yarenmu a kan hanya. A raina na ce shi ke nan, Zungur ta rasa, Baba yana nan.

Ba a daɗe ba, wata yamma muna cin abinci na ga ba tsokana, ba gyaran Hausa. Sai da muka wanke hannu ya ce, "Ɗana, an ƙara mini girma." Na yi murna na ce Allah ya sanya alheri. Ya ce amin, sannan ya ce, "Sun ce mai irin takardata ya fi ƙarfin kujerar da nake kai. Akwai wata kotu can arewa, wajen iyakar jiha, ba ta da mai riƙe mata rubutu. Can za ni." Ya faɗi sunan garin. Wuni guda ake yi a mota kafin a kai, in hanya ta yi kyau.

Na ce, "Ba a iya roƙo a bar ka a nan, Baba?"

Ya ce, "Da wane baki? Ni na nace sai na ci, kai ka nace sai na ci. Mun ci."

Na zauna ina kallon ƙofa har aka kira isha'i, ya tashi, ni ma na tashi.

Kaya suka riga su tafiya a babbar mota. Ranar da zai tashi da iyalinsa na nemi izini a makaranta na raka su tasha. Mutanen unguwa sun zo da yawa, 'yan'uwa da abokan aiki da almajiransa na dā, ana ta addu'a ana ta yafiya. Na tsaya a baya don ban san matsayina a cikinsu ba. Shi ya hango ni ya ratso mutane ya kama hannuna, ya riƙe bai saki ba.

Ya ce, "Malam Ƙarami, ka ga aikinka. Da ka bar ni da idona yadda yake, da yanzu ina Zungur, ka ari keke ran hutu ka zo mu gasa masara." Da dariya ya faɗa, na yi ƙoƙarin taya shi ban iya ba. Ya rage murya ya ce, "Ka yi aure, ka ji? Kada ka zauna kai kaɗai a garin nan, ba ya yi maka kyau. Allah ya yi maka albarka, ɗana." Na ce zan zo in an yi hutu. Ya ce yana jirana.

Da gaske nake da na faɗa. Amma hutun farko mahaifiyata ba lafiya, na tafi kudu. Na biyu aka tura ni kwas. Na bi maganarsa na yi aure, hidima ta ƙaru, kullum ina cewa hutu mai zuwa. Wata rana ina kasuwa sai na ci karo da masinjan nan da ya yi maganar tabarau, ya zama babban akawu har da tumbi. Muka gaisa, muka yi dariyar ƙafar hagu, na ce ina nan ina shirin kai wa Baba ziyara. Sai fuskarsa ta canza ya ce, "Au, Malam, ba a gaya maka ba? Ai Baba ya rasu tun kafin azumi, an yi sadakar arba'in ma tuni."

Wa zai gaya mini? Ni ba ɗansa ba ne na jini, ba ɗan unguwa ba, ba abokin aiki ba. Da aka zauna ana tuna waɗanda za a aika wa, babu dalilin da zai sa wani ya tuna da wani malamin ajin yamma. Masinjan ya yi mini sallama ya wuce, yana sauri. Na tsaya a tsakiyar kasuwa ina neman wanda zan yi wa ta'aziyya, ko wanda zai yi mini, ban samu ko ɗaya ba. Na sayi abin da na zo saye na koma gida.